Malick Sidibe, mai hoton da ake gayyata

A shekarar 2007, a babban bikin baje kolin fasaha na birnin Venis da ke Italiya, an miƙa wa wani dattijo ɗan Bamako mai suna Malick Sidibe lambar yabon da ake kira Zakin Zinariya, ta aikin tsawon rayuwa. Kafin shi ba a taɓa ba mai ɗaukar hoto wannan lambar ba, ba a kuma taɓa ba ɗan Afirka ba. Alhali sana'ar mutumin ba ta wuce wadda muka saba gani a kewayen babbar kasuwar Maraɗi ba: ɗan shago mai labule a bango, kujera, fitilu biyu ko uku, hoton Sallah, hoton aure, hoton katin shaida, sai gyaran kyamarorin mutane in ciniki ya ja baya. To me Turawan suka gani? Masu sharhinsu sun yi ta magana a kan haske da inuwa da tsarin hoto, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma wanda ya tashi a garin da aka taɓa cika shi da kyamarorin baƙi, kamar yadda aka yi mana a Maraɗi lokacin matsalar abinci ta 2005, zai fi saurin lura da wani abu daban. Duk wanda ke cikin hotunan Malick ya san ana ɗaukarsa, yana so a ɗauke shi, kuma galibi shi ya biya.

An haife shi a tsakiyar shekarun 1930 a ƙauyen Soloba, kudancin Mali, kusa da iyakar Gine, a gidan Fulani masu noma da kiwo. Ya bi dabbobi yana yaro, kuma tun lokacin ya rasa ganin idonsa na hagu. Mutumin da daga baya aka yi wa laƙabi da Idon Bamako da ido ɗaya ya yi duk aikinsa. An sa shi lakwal a Yanfolila, sannan Buguni, inda hannunsa a zane ya fito da shi, har aka tura shi makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako a 1952, ya koyi ƙirar kayan ado. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya nemi ɗalibin da zai ƙawata masa shago da zane. Aka ba shi Malick. Da aiki ya ƙare sai ya riƙe shi a matsayin yaron shago: karɓar kuɗi, sayar da kaya, kai wa mutane hotunansu. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, ƙaramar Brownie mai filasha. Rabon aikin da ya biyo baya shi ya yanke masa hanya. Maigida na zuwa liyafar Turawa, yaro na zuwa bukukuwan 'yan ƙasa.

Mali ta samu 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Modibo Keita, kuma a wannan tsakanin ne Malick ya buɗe nasa shagon a unguwar Bagadaji. Samarin Bamako na lokacin sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace da sunanta, suna harhaɗa kuɗi su shirya rawa a tsakar gidan wani, da faifan garmaho na kiɗan Kiyuba da na Amurka. Rawar da ba a gayyaci Malick ba kuwa ba ta cika rawa ba. Yakan hau keke da dare ya zaga wurare da dama kafin asuba, ya dawo ya shiga ɗakin duhu ya wanke fim. Sai ya buga ƙananan hotuna, ya manna su a jere kan kwali, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta sunan ƙungiyar da ranar a sama. Bayan kwana ɗaya ko biyu samari da 'yan mata su cika ƙofar shago, kowa na leƙen kansa, yana nuna wa abokai da wa ya yi rawa, sannan ya faɗi lambar da yake so a buga masa. Ran Lahadi kuma ya bi su bakin kogin Kwara inda suke wanka da wasa.

A duba wannan kwalin da kyau, domin nan asirin yake. Hoto ba ya zama ciniki sai mai shi ya gan shi ya yarda. Wanda bai yi kyau ba a kwali zai tsaya, ba mai saye. Saboda haka dole mai hoton ya koyi ganin mutane yadda suke son a gan su, ya san wacce ce ba ta so a ɗauke ta kusa da wane, ya san lokacin da zai sauke kyamara. Shekaru yana yin haka da mutane ɗaya, har suka daina jin nauyinsa. Shahararren hotonsa na 1963, inda wani saurayi sanye da kwat ke rawa da wata yarinya ba takalmi a ƙafarta, kawunansu sun kusa haɗuwa, wa ne da ƙanwarsa yana koya mata taku. Mujallar Time ta sa shi cikin hotuna 100 mafi tasiri a tarihi. Baƙon da ya sauka daga jirgi jiya ba zai samu wannan hoton ba ko kyamararsa ta kai ta miliyan nawa, don ba za a bar shi ya matso haka ba.

Akwai masu cewa wannan ai ba aikin jarida ba ne, hoton biki ne kawai. Ban yarda ba. Gwamnatin Modibo ta gurguzu ce, tana da 'yan sintirinta da ke sa ido kan tufafin matasa da fitarsu ta dare, musamman gajeren siket da kiɗan waje. Hotunan hukuma na lokacin ministoci ne ke yanke ƙyalle da 'yan makaranta a fareti. Wanda yake son sanin abin da 'ya'yan talakawan Bamako suka yi da 'yancin nan, me suka sa, wa suka kwaikwaya, yaya namiji da mace suka fara tsayawa kusa da juna a bainar jama'a, sai ya koma kwalayen Malick. Sojoji sun kifar da Modibo a 1968, Musa Tarawure ya hau, Malick bai fasa zagayensa ba sai cikin shekarun 1970 da irin waɗannan raye-rayen suka ja baya. Jarida ba ta buga aikin a lokacinsa ba, amma ya zama shaidar zamani fiye da abin da jaridar ta buga. Abin dariya, sai da ya tsufa ne ƙungiyar World Press Photo, wadda ke ba 'yan jarida masu hoto kyauta, ta ba shi tata a 2010, a kan hotunan kayan sawa da ya yi wa mujallar New York Times.

Ɓangaren shago kuwa yana da wanda ya riga shi. Seydou Keita, shi ma ɗan Bamako, ɗan kafinta ne da kawunsa ya kawo wa kyamara tsaraba daga Senegal a 1935. Ya buɗe wurinsa a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, kuma labulensa na farko zanen gadonsa ne. Ya tanadi kayan aro: agogo, tabarau, alƙalami, rediyo, kwat, babur ɗin Vespa, har da motarsa. Mutum ya zo daga ƙauye ya jingina da motar da ba tasa ba, a ɗauka, ya aika gida. Wani zai kira wannan ƙarya. Ni ina ganin hoton buri ne, kuma burin mutane ma labari ne.

Mu ma mun san wannan ɗakin. Da yammar Sallah, bayan an sauko daga kallon hawan sarki, layi ne a ƙofar mai hoto, yara da sabbin ɗinki suna turereniya. A ciki labule ne mai zanen gidan bene ko jirgin sama, da furen roba a kan ɗan tebur. "Hajiya, ɗan karkato kafaɗa, ki ɗora hannun a gwiwa a ga zoben." Budurwa ta buɗe tafin hannu don lallen ya fito. Saurayi ya ari agogon abokinsa, ya naɗe hannun riga don kada ya ɓuya. "Baba, ɗaga haɓa kaɗan, kada ka ƙifta. Yauwa." Bayan kwana uku Hajiya ta dawo karɓa, ta juya hoton sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wannan ba ni ba ce, ka baƙanta ni." Ba gardamar da zai yi ta yi amfani. Ko ya sake ɗauka, ko ya yi asarar takarda da magani. A wannan ɗan ɗakin, wanda ke gaban kyamara shi ne maigida.

Yanzu a juya ga ɗaya fuskar sana'ar. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. Kafin tsakiyar 2005 kuɗin hatsi ya yi tashin da talaka bai iya kamo shi, ga dabbobi sun faɗi warwas a kasuwa, makiyayi ya sayar da akuya bai samu abin kirki ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran neman taimako a watan Mayu, kusan ba wanda ya kula. A watan Yuli tashar BBC ta nuna hotunan yara masu tamowa daga cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, da ke Maraɗi, nan take duniya ta juyo. Jiragen abinci suka fara sauka, otal-otal suka cika da 'yan jarida. Gani ya kori ji. A shekarar nan MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Duk wanda zai soki waɗannan hotunan, to ya fara amsa cewa akwai samari da 'yan mata da ke yawo yau a Madarunfa da Gidan Rumji waɗanda ba don su ba da wuya su kai labari.

Hoton da ya ci kyautar gwarzon shekara ta World Press Photo na 2005 ma a Nijar aka ɗauke shi, a wata cibiyar ciyar da yara a Tawa, ranar 1 ga Agusta. Finbarr O'Reilly na kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya ɗauka: 'yan yatsun yaro ramamme a kan leɓen mahaifiyarsa, ita kuma tana kallon gefe. Hoto ne mai mutunci, bai tsiraita kowa ba. Duk da haka a auna shi da ma'aunin shagon unguwa. Matar ba ita ta kira mai hoto ba. Ba ta zaɓi zanen da za ta ɗaura ba, ba ta zaɓi ranar ba, kuma ba a kawo mata kwali ta ce wannan ba ni ba ce. Uwar da ke jiran a auna ɗanta ba ta cikin halin da za ta ce wa baƙo a'a, balle tana zaton kyamarar da maganin tafiyarsu ɗaya. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, haka aikin yake: mai biya yana Landan ko Faris, shi ake faranta wa, shi ke zaɓen wanda za a buga.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta iya ɗauka ko da mai ita ya so. A 2005 kasuwannin Maraɗi ba su rasa hatsi ba, kuɗin saye ne babu. Bashin da manomi ya ci da rani zai biya da kaka, ƙanƙancewar gonaki a kudancin jihar saboda yawan jama'a, hatsin da ke bin farashi ya tsallaka iyaka, kuɗin asibitin da ke hana uwa kai yaro da wuri, duk waɗannan ba su da fuskar da za a sa a shafin farko. Wanda ya ga hoton a Turai sai ya ɗauka hamada ce ba ta tsiro komai, alhali yankin da ake kira rumbun ƙasa ne. Farashin tiya ɗaya a kasuwar Tsibiri ya fi hoto ɗari bayyana abin da ya faru, sai dai ba ya sa kowa hawaye.

Hukuma ma ta gane ƙarfin hoton, ta bi ta tata hanyar. Shugaba Tanja Mamadu ya fito a watan Agustan 2005 ya ce babu yunwa a ƙasar, kuma a 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Mutane da yawa a nan sun ji zafin yadda aka mai da sunan garinsu tambarin yunwa, kuma zafin na gaskiya ne. Amma gwamnatin da ta ce a daina nuna yaro ramamme ba mutuncin uwar take karewa ba, nata take karewa. Uwar dai ba a tambaye ta ba, a karo na biyu.

Mu koma ga Malick, don labarinsa bai tafi sumul daga rawa zuwa Venis ba. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka shigo biranen Afirka ta Yamma. Da can mai hoto shi ne mai ɗauka, shi ne mai wankewa, gwanintarsa rabi a ɗakin duhu take. Da injin ya zo, duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara sai ya zaga gidajen biki, ya kai fim a wanke masa cikin sa'a guda, ya sayar da araha. Baƙi-da-fari ya zama kayan tsofaffi. Malick ya koma zaman gyaran kyamarori da hoton katin shaida. Seydou Keita kuwa tun 1962 gwamnati ta ɗauke shi mai hotonta, ya yi ritaya a 1977, ya koma gyaran babura da injina, ba mai tuna shi.

Abin da ya tashe su sa'a ce da ta tarar da shiri. A 1991 aka nuna wasu tsofaffin hotunan Bamako a wani baje koli a Niyok, an rubuta a ƙasansu cewa ba a san mai ɗaukar ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura André Magnin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako, Malick aka kai shi wurinsa, shi kuma da ganin hotunan ya ce aikin Seydou ne. Sai aka tarar dukansu biyu sun adana nagatif ɗinsu, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga shi ake buga hoto, dubbai, a cikin akwatuna da kwalaye, na Malick har da kwanan wata. Nagatif kamar iri ne a rumbu, wanda ya adana shi zai sake shuka ko bayan shekara talatin. A 1994 aka fara bikin masu hoton Afirka na Bamako, a 1995 aka baje aikin Malick a Faris, a 2003 ya karɓi kyautar Hasselblad ta Suwidin, sai Venis. Ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilu 2016.

A nan kuma tambayar yarda ta dawo ta bayan gida. Hoton da Seydou ya buga wa wata mata ɗan ƙarami, santimita 13 da 18, don ta sa a ɗakinta ko ta aika wa dangi, shi aka faɗaɗa ya kusa kai tsayin mutum, aka rataye a Niyok, aka sayar da dubban daloli. Ta yarda a ɗauke ta, amma ba wannan ta yarda da shi ba, kuma ba ta san an yi ba. Seydou ya rasu a Faris a 2001, ya bar rigima tsakanin dillalai da magada kan wa ke da nagatif ɗin da wa ke da ikon bugawa. A duk cikin masu jayayyar ba a ji muryar waɗanda ke cikin hotunan ba. Wato ko hoton shago, da zarar ya bar unguwarsu, yakan koma irin na cibiyar Tawa.

Wanda sa'ar ba ta yi wa irin wannan rana ba yana nan gida. Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, ya zo Yamai yana saurayi, ya yi wa babban birninmu abin da Malick ya yi wa Bamako: gidajen rawa, mashaya, sojoji, 'yan boko na farkon 'yanci. Shagonsa Photo Souvenir sananne ne a zamaninsa. An nuna aikinsa a waje, amma bai tsira daga talauci ba, ido ya gaza, ya rasu a Yamai a 2014. Idan haka ta faru da na Yamai, a yi tunanin masu hoton Maraɗi da suka ga zamanin gyaɗa, da tashin alhazan gari, da cikar filin kokawa, da ayarin maniyyata. Nagatif ba ya jure zafi da ƙura da gara. Wasu magada sun share shago sun zubar. Wasu hotunan kuma masu su ne suka yayyaga da hannunsu bayan sun girma, don ba sa son jikoki su ga Hajiya ba kallabi ko Alhaji da wando mai faɗin ƙafa. Wannan ma haƙƙinsu ne, ko da mai son tarihi zai ji ciwo.

Yau kowa mai hoto ne, kuma duka fuskokin biyu suna cikin aljihu ɗaya. Wayar da budurwa ke gyara fuskarta da ita kafin ta saki hoton Sallah, ita ce wani ke miƙawa kan wanda ya yi haɗari a hanyar Ɗan Isa kafin a ɗauke shi. Tun 2019 da 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara kwararowa yankin Gidan Rumji, hotunan gawa da na masu rauni ke yawo a WhatsApp, wasu na gaske, wasu tsofaffi daga wata ƙasa aka sake musu suna. Baƙon ɗan jarida aƙalla yana da edita da zai tambaye shi ina da yaushe. Ɗan unguwa mai waya ba mai tambayarsa, kuma shi ya san sunan mamacin da gidansu.

Wanda ya riƙi abin sana'a a garin nan kuwa, galibi mai taro ne ke biyansa, ko ƙungiya mai raba tallafi, ko ɗan siyasa, ko uwar amarya. Saboda haka hotonsa na mai raba buhu ne yana murmushi, masu karɓa suna bayansa a dusashe. A gidan biki yakan ɗauka da hantsi, ya ruga a buga, ya dawo kafin la'asar ya baza a tabarma ko ya bi mata yana nunawa, wadda ta ga nata ya yi mata ta biya, wanda ba a saya ba ya zama asara. Tsarin kwalin Malick ne bai mutu ba. Bambancin shi ne babu nagatif. Katin kyamara ɗaya gare shi ko biyu, ga wani auren ran Asabar, don haka kafin Juma'a ya goge na makon jiya.